Kwanon da Doreen Ba Ta Buɗe Ba

Madakiya, ta Kafanchan
Farkon Oktoba

'Yata Doreen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin koma Abuja lafiya, aikin asibiti kuma yana tafiya daidai. Mu nan muna cikin alherin Allah, in ban da gwiwata da ta ƙi jin magani, da kunnen nan nawa da kika sani. Saboda kunnen ne ma na ɗauki biro. In na kira ki a waya sai na yi ta ihu har maƙwabta su ji, maganar kuwa ta riga ta yi yawo a bakin mutane fiye da kima. Hussaini direba zai kawo miki takardar, ya ce ya san asibitinku.

Bari in tuna miki abin da ya faru ranar addu'ar cika shekara ta wanki Luke, don na lura a duk taron ke kaɗai ce ba ki ga abin da kika yi ba. Da Fasto ya rufe da addu'a, mata suka fara rabon abinci a gindin mangwaro. Keziya, matar marigayin, ta taso da kanta ta kawo miki kwano a rufe, ta durƙusa ta ajiye a gabanki. Kika tura shi gefe da bayan hannu, kika zuge jakarki kika fiddo ayaba da wata madara a gora, kika ci abinki kina hira da matar Fasto. Kwanon ya zauna a wurin har taro ya watse.

Ba ki manta da raɗe-raɗin da aka yi lokacin rasuwar Luke ba. Ya dawo daga gonar citta, ya ci abinci, ya kwanta da ciwon ciki, bai sake tashi ba, sai aka fara cewa guba aka sa masa. Ke ce kika miƙe a bakin kabari kika ce kin ga takardun asibiti da idonki, ciwon hanta ne da ya daɗe yana cinsa, duk mai zargin matarsa ya ji tsoron Allah. Maganarki ce ta rufe bakin mutane, domin ke nas ce, kuma ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. To, yanzu cewa ake yi nas ta sake tunani.

Malaman firamare da ke sayen gwatenta a bakin makaranta sun koma cin biredi. Zumuntar Mata ta cire ta daga masu girkin Godiyar Kaka, wai a bar ta ta huta. Mafi muni, Derrick ɗan babban wana ya fara zagaya gidaje yana cewa bayan Godiyar Kaka dangi za su zauna, Keziya ta koma wurin iyayenta a wajen Kagarko, yaran Luke kuma su tsaya a gidan ubansu. Ni kullum sai na je na ci abincin rana a ƙofarta don a gani, amma an ce tsoho ne, ko ya tafi ba a yi babbar asara ba.

Ina jin kunya a matsayina na wanda ya riƙe ku bayan mahaifinku. Ki gaya mini abin da ya shiga kanki. Ubangiji ya kiyaye ki.

Babanki,
Zamani, tsohon hedimasta

Abuja
Tsakiyar Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. A gaishe mini da Mama Yemima da kowa da kowa. Takardarka ta same ni a wurin aiki. A can na karanta ta har ƙarshe. Gaskiyar Allah ban san abin ya zama haka ba, kuma kunya ta rufe ni.

Amma Baba, ka ji nawa bayanin. Bayan jana'izar Luke hawan jini ya kama ni, ban gaya wa kowa a gida ba. Ina shan magani, amma kaina bai daina sara ba. Wata abokiyar aikina ta kai ni ajin yoga, wato motsa jiki a hankali da koyon jan numfashi, abin da ya samo asali daga Indiya. Kada ka damu, ba sujada ba ce, ina nan da Littafina da majami'ata. Malamarmu, Madam Hellen, 'yar ƙasar nan ce, can ta je ta koyo. Ita ta ce mana shimfiɗa tabarma kaɗai ba ya isa, sai mutum ya gyara abin da yake kaiwa baki.

Sun kasa abinci gida uku. Akwai wanda ke sa jiki ya yi sakayau, hankali ya kwanta, kamar hatsi da wake da ganye da 'ya'yan itace, madara da zuma da gyaɗa, in dai an dafa yau an ci yau. Accarmu tana ciki, Madam Hellen har da tsada take sayenta, kuma ɗanyar citta ma ba a hana ba. Akwai mai tayar da jini ya hana mutum zama wuri ɗaya, irin barkono mai yawa da kofi da goro da soye-soye. Na ukun shi ne mai sa nauyin jiki da kasala: nama, giya, abin da aka bari ya ruɓa irin daddawa, da duk abincin da ya kwana. Ɗumamen tuwon nan da kake so, Baba, shi ne a can ƙasa. Albasa da tafarnuwa kuwa, wasu na sa su a na biyu, wasu a na uku, amma kowa ya yarda a guje su.

Tun da na fara bin wannan tsari jinina ya sauka, ina iya yini a wurin aiki ba tare da jiri ba. Ka san kuma abincin taro a gida, naman alade ne da albasa da daddawa, an ɗora tun jiya. Abin da na guje wa ke nan, ba Keziya ba. Matarmu ce, ban taɓa zarginta ba, kuma abin da na faɗa a bakin kabari har yanzu a kansa nake.

Ina roƙonka ka karanta wa Derrick da dattawan ikilisiya wannan takarda. Ba zan samu hutu yanzu ba, muna da ƙarancin ma'aikata. Na tabbata in sun ji bayanin, maganar za ta mutu.

'Yarka,
Doreen

Madakiya
Ƙarshen Oktoba

Doreen,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Mun gode da gaisuwa, Mamanki Yemima tana amsawa. Na yi baƙin ciki da jin hawan jininki, na kuma yi fushi da kika ɓoye, amma wannan faɗan na wata rana ne.

Na yi abin da kika ce. Bayan sujada na tara dattawa da Derrick a ofishin Fasto, na sa tabarau na karanta musu darasinki daga farko har ƙarshe, kamar ina gaban aji. Dattijo Asher ya ce in kowa ya bi wannan koyarwa sai a rufe kasuwar aladu ta Katsit a mai da ita filin ƙwallo. Ni na ce a gode wa Indiyawa da suka bar mana citta, ko da yake sun raba ni da ɗumame. Aka yi dariya. Na dawo gida ina ganin na kashe wutar, har na ce wa Yemima ta ga amfanin ilimi.

Yemima ba ta yi dariya ba. Ta sa ni na zauna, ta matso kusa da kunnen da ke ɗan ji, ta gaya mini abubuwa biyu da duk matan garin nan suka sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Na farko, kwanon da kika tura ba daga tukunyar taro ya fito ba. 'Yata Rosemary, da ta yi hutu a wurinki, ita ta ba Keziya labarin abin da kike ci da wanda kika daina. Keziya ta je kasuwar Kafanchan ta sayo sabuwar tukunya don kada ƙanshin nama ya taɓa abincinki. Da safiyar ranar ta yi miki gwaten acca da alayyafo da wake da gyaɗa, ta ɗan kankare citta daga gonar Luke ta sa. Babu nama, babu albasa, babu daddawa. Yemima ce ta ɗauke kwanon bayan taro, ta ce ko murfin ba a ɗaga ba. Yanzu wannan kirkin ne ya zama hujja a kanta. Ana tambaya, me ya sa ta yi wa nas tukunya dabam, sabuwa, wadda ba wanda zai ci sai ita?

Na biyu, Yemima tana zaune kusa da ke, ta ji abin da kunnena bai ji ba. Da Keziya ta ajiye kwanon, tambaya ɗaya kika yi mata.

Kika ce, “Wa ya dafa?”

Ta ce, “Ni ce, mijina,” yadda matan gidanmu ke kiran 'yan'uwan mazansu.

Daga nan kika tura kwanon. Ba ki tambayi albasa ba, ba ki tambayi ko ya kwana ba. Mata da yawa sun ji.

Na tsaya gaban dattawa da furfurata na karanta musu bayanin da matansu suka san bai cika ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan makon ba, ko ranar da sufeto ya same ni ina gyangyaɗi a ofis. Ki rubuto mini gaskiya, kuma ki rage darasi.

Babanki,
Zamani

Abuja
Farkon Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka tun kafin in fara. Na sa ka tsaya gaban mutane da rabin magana, ka yafe mini.

Mama Yemima ta ji daidai. Akwai koyarwa guda da ban rubuta maka ba, domin ko a lokacin na san ba za ta yi daɗin ji ba. Madam Hellen ta sha gaya mana cewa ba abin da ke cikin tukunya kaɗai ake dubawa ba, har da zuciyar mai girkin. Wai in mutum ya yi girki cikin fushi ko baƙin ciki, abin yana bin hannunsa ya shiga abincin, wanda ya ci kuma ya ɗauka. Na riƙe wannan maganar fiye da sauran, don ina tsoron komawa halin da na shiga bayan rasuwar Luke. Da na ga Keziya ta nufo ni, idanunta sun kumbura, ta rame har zanin yana neman zamewa, abin da ya zo mini shi ne kada in ci baƙin cikinta ya haɗu da nawa. Shi ya sa na tambaya, shi ya sa na tura.

Ka ga ke nan mutanen gari ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Ban ce ta sa guba ba, amma hannunta na guje wa, kuma sun gani. Matar da ta yi jinyar wana, ta wanke shi ta juya shi ina can Abuja ina aiko da magani ta mota, ita na mayar abin ƙyama saboda tana kukansa. Ni da ake biya albashi don in taɓa marasa lafiya.

Na je na ba Madam Hellen labarin duka. Ta ce ita ba ta taɓa cewa a wulaƙanta kowa ba, sannan ta ce in saurari jikina. Na saurara, Baba. Tun da takardarka ta zo, ayaba da madarar ma ba sa wucewa ta daɗi. Na dafa acca a sabon ruwa yadda aka koya mana, na zauna ina kallonta har ta huce, ina tuna tukunyar da Keziya ta saya.

Ba zan bar tsarin abincin ba, yana taimakona, kuma ba shi ya tura kwanon ba. Amma na roƙi wata ta riƙe mini aiki, zan zo Godiyar Kaka. Ga wata 'yar takarda na haɗa, ka ba Keziya hannu da hannu. Na kira wayarta sau da yawa ba ta ɗauka, kuma ban ga laifinta ba.

'Yarka mai jin kunya,
Doreen

Zuwa ga Keziya

Matarmu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ban san ko har yanzu ina da bakin kiranki haka ba.

Na ji labarin sabuwar tukunya da gwaten da kika yi mini. Ban buɗe ba, ban ce na gode ba, na bar ki a durƙushe. Ba zan ɓoye miki dalili ba, domin na riga na ɓoye wa Baba sau ɗaya abin ya ƙara lalacewa. An koya mini cewa baƙin cikin mai girki yana shiga abinci, na ga fuskarki ranar, na ji tsoron in ci. Ban taɓa tunanin kin cuci Luke ba, ciwon hanta ne, zan sake faɗa a gaban duk wanda kike so. Amma na san magana ba za ta gyara abin da hannuna ya ɓata ba.

Zan zo ranar Godiyar Kaka. Duk abin da kika ba ni zan ci a gaban jama'a, ko naman alade ne, ko ɗumame ne. In kuma kin ce ba kya son ganina, ki gaya wa Baba, zan fahimta. Ki yafe mini don Allah.

Doreen

Madakiya
Tsakiyar Nuwamba

'Yata,

Salama a gare ki. Wannan karon kin rubuta kamar 'yar gidanmu, na karɓa.

Na kai wa Keziya takardarki. Na same ta tana sheƙe acca a tsakar gida. Ta goge hannu ta karɓa, ta karanta, ta ninke ta sa a bakin zani, ta tambaye ni ko zan ci abinci. Ni ma ban matsa mata da maganarki ba. Da na leƙa ɗaki don in gaida yara, na ga ta ɗaure kayanta a buhuna biyu ta jingina a bango. Ta kuma raba kayan yaran, na kowa dabam, yadda duk wanda zai riƙe su ba zai sha wahalar nema ba. Ƙaramar ta tambaye ni ko Kagarko da nisa. Na yi kamar ban ji ba, karon farko da kunnen nan ya yi mini amfani.

Derrick ya sa zaman dangi da yammacin Lahadin Godiyar Kaka, bayan an tashi daga majami'a. Ban sani ba ko za ta bari ki ci. Jiya dai ta tambaye ni ranar da Hussaini ke tafiya Abuja.

Ubangiji ya yi mana jinƙai duka.

Babanki,
Zamani

Madakiya

Sista Doreen,

Na gaishe ki cikin sunan Yesu. Yara suna gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi makaranta mai yawa ba.

Na karanta takardan ki. Abin da malaman ki ta faɗa, gaskiya ne. Ranan da na yi miki gwate ina kuka ne, don ina kankare cittan da Luke ya shuka bai ga girbi ba. Tun da ya mutu ban dafa abinci ko ɗaya ba tare da kuka ba. Shi ne yaran wanki suke ci safe da yamma, kuma suna girma, takalmin babban ma ya matse shi. Ba ni da wani hannu da zan dafa miki da shi, sai wannan.

Ba na so ki ci naman alade don ki ba ni haƙuri, kada jinin ki ya hau a ce ni ne kuma. Ba zan sake yi miki kwano dabam ba. Zumunta sun cire ni a girki, to zan dafa a gida, babban tukunya, in ɗauka a kai zuwa gindin mangwaro bayan sujada. Zan zuba a tire ɗaya, ni da ke da yara mu sa hannu tare, Derrick yana gani. Wanda yake so ya zo ya ɗiba.

In kin zo, zan kwance buhu. In ba ki zo ba, zan mayar da tukunya gida in ba yara, Litinin in shiga mota.

Ki bar ayaba da madaran ki a Abuja. Ba zan sa albasa ba.

Matan ku,
Keziya